TUFAFIN JARIRI DA RANA: A DUBI LOKACI KAFIN A DUBI ADO

Manoma da makiyaya na gundumar Gaya sun san lokaci sarai. Ba mai shuka gero cikin ɗari. Ba mai ɗaure sabon maraƙi a rana tsaka cikin bazara. Kowane abu da lokacinsa.

To, tufafin jariri ma haka suke. Rigar da ta dace da shi da sassafe a watan Janairu, ita ce za ta wahalshe shi da azahar a watan Afrilu. Shi kuwa jariri ba ya magana. Ba ya iya tuɓe riga in ya ji zafi, ba ya iya jawo mayafi in ya ji sanyi. Abin da aka sa masa, da shi zai wuni. Saboda haka nauyin yana kan uwa da uba da kaka, da duk wanda ke reno.

JIKIN JARIRI DABAN YAKE DA NA BABBA

Babban mutum in ya ji zafi sai ya yi zufa, jikinsa ya huce. In ya ji sanyi sai ya yi makyarkyata, ya motsa, jikinsa ya ɗumama. Jariri bai ƙware da waɗannan ba tukuna. Jikinsa ƙarami ne, fatarsa ba kauri, kansa kuma babba ne in an gwada da sauran jikinsa. Yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin ɗaukar sanyi, kamar ruwa kaɗan a cikin ƙaramin kwano.

Zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36 da rabi zuwa 37 da rabi a ma'aunin likita. Aikin tufa shi ne ta taimake shi ya tsaya a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida mai sauƙi game da sabon haihuwa: a dubi abin da babba ya sa ya ji daɗi a wannan lokaci, a ƙara wa jariri riga ɗaya ko biyu a kai. Ba a ce biyar ba.

A gidajen ƙauye ba kowa ke da ma'aunin zafi ba. Amma kowa yana da hannu. A sa hannu a bayan wuyan jariri ko a ƙirjinsa. In wurin da ɗumi kuma a bushe, tufafin sun yi daidai. In da zafi da danshin zufa, a rage. In da sanyi, a ƙara. Kada a auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa, domin su sau da yawa sun fi sauran jiki sanyi, ko yana lafiya lau. Uwaye da yawa suna taɓa ƙafa su ji sanyi, sai su jibga wa yaro kaya alhali jikinsa yana tafasa.

KAYAN DA KE CIKA KASUWA

Gaya garin iyaka ne. Ga Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetaren kogi, ga Kamba ta Najeriya a gabas. Tun da aka gina gada a kan kogin Kwara a shekarar 1958, kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa bin wannan hanya. Cikinsu har da dilolin gwanjo, wanda ake kira bosho. Shekara da shekaru Gaya ta yi suna da manyan ɗakunan ajiyar waɗannan diloli. Rufe iyaka da aka yi a shekarar 2023 ya kawo wa wannan ciniki cikas, amma kayan jarirai ba su ɓace daga kasuwanni ba.

Bosho ya rufa wa talaka asiri, wannan gaskiya ne. Sai dai a tuna daga inda ya fito. Da yawa daga cikin kayan an ɗinka su ne don jariran ƙasashen sanyi, inda ƙanƙara ke zuba. Akwai riga mai haɗe da wando da safa, mai gashi-gashi a ciki. Akwai hular ulu mai igiya. Akwai lallausan bargo mai zanen dabbobi. Suna da kyaun gani, suna da araha. Amma ba don zafin Gaya aka yi su ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Sababbin kayan kanti ma haka. Waɗanda ake sayarwa a haɗe cikin leda, riga da wando da hula da safa, galibi zaren roba ne. Zaren roba ba ya shan zufa, ba ya barin iska ta ratsa. Kuma in tartsatsin wuta ya faɗa masa, narkewa yake yi ya manne a fata.

YADDA AKE GANE AUDUGA

Abin da ya fi dacewa da fatar jariri shi ne auduga, irin wadda ake nomawa a nan ƙasar Gaya. Tana shan zufa, tana barin iska ta shiga, tana jure wanki.

Akwai hanya uku ta gane ta. Ta farko, karatu. A wuyan riga ko a gefenta akwai ƴar takarda. In an ga an rubuta "coton" ko "cotton" da lamba 100, auduga ce zalla. In an ga "polyester" ko "nylon" ko "acrylique", zaren roba ne. Ta biyu, ruwa. A ɗiga ruwa a kan rigar. Auduga tana shanye shi nan da nan, roba kuwa sai ruwan ya tsaya a kai ko ya gangare. Ta uku, wuta. A zare zare ɗaya daga bakin rigar, a kai shi nesa da yara, a ƙona da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule, ta yi baƙin ƙullutu mai tauri.

Wanda ba shi da kuɗin sayen sabo, kada ya damu. Tsohon zanen atamfa na auduga da ya sha wanki ya fi sabon yadi laushi. Zane ɗaya mai yadi 2 yana fitar da ƴan riguna da ƙunzugu masu yawa. Tela ya ɗinka su da faɗi, wuya a sake, hannu a sake. Kada a sa ƙananan maɓallai ko duwatsun ado, domin suna cirewa yaro ya haɗiye. Kada a sa roba mai matse ciki ko cinya. In an tuɓe riga aka ga ta bar shaida a fata, ta yi masa kaɗan.

BAZARA

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Gaya yana kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Ɗakin kwano da azahar ya fi waje zafi. A wannan lokaci jaririn da ya yi ƴan makonni ba ya bukatar kome a inuwa sai ƴar shimi ta auduga da ƙunzugu. Ba hular ulu, ba safa, ba bargo. A shimfiɗa masa zane a kan tabarma, a wurin da iska ke bi. Kada a kwantar da shi a kan leda ko buhun taki.

In za a fita da shi, a sa masa riga marar nauyi mai dogon hannu, mai haske, da hular yadi mai baki. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a barin sa rana ta buge shi kai tsaye. Tafiya kasuwa ko likita ko gaisuwa, a yi ta da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya.

Yawan tufafi a bazara shi ke kawo ƙurajen zafi a wuya da ƙirji da matsematsi. Yaro ya yi ta susa da kuka, ƙurajen su fashe, ƙuda ya sauka, su zama gyambo. Maganin farko shi ne a rage kaya, a yi masa wanka, a bar fata ta sha iska. Abin da ya fi ƙuraje haɗari shi ne ruwan jiki ya ƙare. Jaririn da ya sha zafi sai ya yi laushi, fitsarinsa ya ragu, maɗigarsa ta faɗa.

A nan wasu ke cewa a ba shi ruwa. Kada a ba shi. Kafin wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar bazara, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. A rage masa kaya, a yawaita ba shi mama, ita kuma uwar ta sha ruwa sosai.

DAMINA DA KAKA

Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Albarka ce ga manomi. Ga jariri kuwa akwai abu biyu da za a kiyaye: danshi da sauro.

A damina zufa ba ta saurin bushewa, wanki ma haka. Kada a sa wa jariri rigar da ba ta gama bushewa ba. In hadari ya taso iska ta yi sanyi, a ƙara masa riga ɗaya. In rana ta buɗe, a cire. Uwar da za ta tafi gona ko fadamar shinkafa ta riƙe riga ɗaya da zane ɗaya busassu a cikin leda, saboda ruwa ba ya sallama. In ruwa ya buge su, a fara tuɓe wa yaro jiƙaƙƙun kaya, a goge shi, a sa shi a jikin uwarsa.

Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro yana fara aiki ne daga faɗuwar rana. Saboda haka tun kafin magariba a canza wa jariri kaya, a sa masa riga mai dogon hannu da dogon wando marasa nauyi. Ya kwana cikin gidan sauro. Barcin rana ma ya yi shi a ciki, don ƙuda. A garin Gaya ne aka ƙaddamar da allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Nijar, a watan Satumba na 2024. Allurar taimako ce babba, amma ba ta ɗauke wa kowa rataya gidan sauro ba.

Bayan ɗaukewar ruwa, a watan Oktoba, zafi yana dawowa na ɗan lokaci. Mata suna wuni a gona wajen girbi da sussuka da shiƙa. A koma wa kayan bazara, a ajiye jariri a inuwa, nesa da ƙaiƙayi da ƙura.

ƊARI

Daga Disamba zuwa Fabrairu, da asuba ma'auni yana sauka ƙasa da digiri 20, ga iska mai ƙura. Da azahar kuma rana ta yi zafi ta haura 30. A wuni ɗaya jariri yana ganin lokaci biyu. Nan ne kayan sanyin bosho ke da amfani, amma da dabara.

A fara sa shimi ta auduga a jikin fata. A ɗora riga mai dogon hannu. Sannan rigar sanyi a sama, da hula da safa. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin ana iya rage su ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi a cire rigar sanyi da hula. Da la'asar a mayar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shirya yaro da asuba, a shiga aiki, a manta da shi cikin ulu har azahar. Ya yi zufa sharkaf, iskar yamma ta same shi a jiƙe.

Makiyayan da ke kwana a rugga, da masunta da masu fito a bakin kogi, su ne suka fi shan iskar asuba. Jariransu sun fi bukatar hula da busasshen zane. Wankan jariri a ɗari a bar shi sai rana ta ɗaga, a yi shi a wurin da ba iska, a goge shi da sauri a sa masa kaya.

Masu jin ɗumi kuma su lura. Kada a zauna gab da wuta da jariri mai sanye da kayan roba. Kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, hayaƙin gawayi yana kisa ba a ji ba a gani.

GOYO

Mafi yawan wunin jariri a bayan uwarsa yake yin sa. Bayan uwa kuwa ɗumi gare shi. Zanen goyo riga ce, majanyi ma riga ce. Duk a lissafa su. Jaririn da aka goya da rana a bazara, shimi da ƙunzugu sun ishe shi.

Mata da yawa suna yafa babban hijabi ko mayafi a kan goyo don kare yaro daga rana. Niyyar mai kyau ce. Amma in yadin na roba ne mai kauri, ƙarƙashinsa yana zama kamar tanda, iska ba ta shiga. A zaɓi yadi marar nauyi, a bar wa fuskar yaro hanyar iska, a riƙa leƙa shi. Shirun jariri a cikin zafi ba kullum ne barci ba. In tafiya ta yi nisa, a tsaya a inuwa, a sauke shi, a ba shi mama.

KWANAKIN FARKO DA RANAR SUNA

Sabon haihuwa ya fi kowa jin sanyi, ko a bazara, domin ya fito a jiƙe daga wuri mai ɗumi. Da ya faɗo a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24. Ƙunzugu kuma a naɗe shi ƙasa da cibiya, don ta sha iska ta bushe, fitsari kada ya taɓa ta.

Bakwaini, da duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, tufarsa mafi kyau ita ce jikin uwarsa. A sa masa hula da ƙunzugu kawai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanta, a ɗaure da zane, dare da rana. Uba ko kaka suna iya karɓar ta in ta gaji. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya fara wannan dabara a shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi wa asibitinsu kaɗan. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara ta tun daga haihuwa. Ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar kuɗi.

Ranar suna kuwa ranar ado ce. An yi wa jariri aski, an sa masa duk kayan da dangi suka kawo, ɗaki ya cika da mata, ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Ba laifi a yi ado. Amma in an gama gani da addu'a, a tuɓe masa kayan nauyi. A ɗari, kan da aka aske yana son hula. A bazara yana son inuwa. Duk abin da ake rataya wa yaro da igiya, kada a sa shi a wuya, domin igiya tana iya sarƙewa ta shaƙe shi.

ƘUNZUGU

Ƙunzugun tsumma mai tsabta yana da kyau, in ana canza shi da zarar ya jiƙe. Kada a naɗa leda a kansa. Na kanti, wanda ake kira famfas, yana da amfani wajen tafiya. Amma da yake yana da tsada, wasu suna barin guda ɗaya tun safe har dare. Wannan shi ke sa gindin yaro ya yi ja ya saluɓe. Gara tsumma goma da ake wankewa da famfas ɗaya da ke wuni. Kowace rana a bar gindin yaro a buɗe na ɗan lokaci ya sha iska. Wanda aka cire kuma a binne shi a rami mai zurfi. In an yar a bola, awaki da shanu suna cin ledar, ta cushe musu ciki.

WANKI DA AJIYA

Duk rigar da aka sayo, sabuwa ko bosho, a wanke ta da sabulu kafin ta taɓa jikin jariri. A ɗauraye sosai. A shanya a kan igiya, cikin rana. Kada a shanya a ƙasa. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari da kan tufafi masu danshi a inuwa. Tsutsarsa tana shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Zafin rana da dutsen guga suna kashe ƙwan.

Manomin da ya yi feshin maganin ƙwari a gonar auduga ko wake ya tuɓe kayansa, ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri. Kada a haɗa kayan feshi da na jariri a bahon wanki ɗaya.

Sai maganar kafur, farin ƙwallon nan mai ƙamshi da ake jefawa cikin akwati don kyankyaso. Kada a sa shi cikin kayan jariri. Akwai yaran da aka haifa da wani irin jini wanda kafur ke fasa shi, kuma irin wannan jini yana da yawa a ƙasashen Afirka ta Yamma, musamman ga ƴaƴa maza. Likitocin Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Yaron sai ya kamu da shawara mai tsanani, idonsa da jikinsa su yi ɗorawa, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su, a shanya har warin ya fita.

YAUSHE ZA A TAFI LIKITA?

In jikin jariri ya yi zafi, a rage masa kaya, a kai shi inuwa, a ba shi mama. Kada a lulluɓe mai zazzaɓi da bargo wai don ya yi zufa. In bayan ɗan lokaci zafin bai sauka ba, ba na tufafi ba ne, ciwo ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba, zazzaɓinsa ba ya jiran gobe.

A garzaya likita in ya ƙi mama, ko yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya yi taune-taune, ko jikinsa ya saki, ko ya yi sanyi ƙalau bai ɗumama ba a jikin uwarsa, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi ɗorawa. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, don kada rashin kuɗi ya tsare iyaye a gida.

AIKIN MAIGIDA

Sau da yawa maigida ne ke zuwa kasuwa sayen kayan haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana wata 7 ya lissafa lokacin da za a haihu: bazara ce, ko damina, ko ɗari? In bazara ce, kuɗin bargo da kayan ulu ya sayi shimi biyar ko shida na auduga, da zannuwa, da sabulu. In ɗari ne, ya ƙara hula biyu da safa da rigar sanyi. Gidan sauro kuwa a kowane lokaci.

Kakanni ma suna da babbar murya a wannan magana, domin su ke wanka da shirya jariri a kwana arba'in na jego. Wanda ya karanta wannan shafi ya zauna da uwar ɗaki da kaka ya karanta musu. Gobe da azahar kowa ya sa hannu a bayan wuyan jaririn gidansu, ya ji abin da hannun zai gaya masa.